Katakon Hular Alhaji Ilu

Alhaji Ilu mai kayan mota ne ya ɓata mini suna. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame Juma'a, mutane suna laluben takalmansu, ya ce hular da na wanke fes take a ido amma ba a salla da ita, domin a baho ɗaya nake wanke ta da zannuwan teburin mashaya. Ƙarya ce. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya kai tsakiya yana tambayar me ya sa mutumin nan yake magana da zafi. Zan dawo kan Alhaji. Amma sai na nuna muku aikin tukuna, don idan ba ku san aikin ba, ba za ku gane nauyin abin da ya faɗa ba.

Sunana Hamisu. Wankin hula nake yi a Treichville, a wani gidan haya bayan tashar Bassam. Ku samarin da aka haifa a Abidjan kuna wucewa kuna ganin huluna jere a rana kan katakai, kuna cewa, "Tonton, wannan ai fasil ne, ruwa da sabulu kawai." Ɗayanku har ya ce mini idan ya rasa aiki zai zo mu raba masu kawo wanki. Hausar ma da ya faɗa da ita rabi Faransanci ce. Ga amsarku yanzu a rubuce, da ɗan abin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, kafin a cire ni.

Daga wani ƙauye kusa da Maraɗi na zo, wurin kawuna mai sayar da garba, wato aceke, dambun rogon nan na 'yan ƙasa, da soyayyen kifi. Ban jima ba ya ga hannuna bai dace da kifi ba, sai ya kai ni wurin Malam Ɗan'asabe, wani Bakano da ke wanke hulunan 'yan kasuwar Adjamé. Na daɗe a wurinsa ban taɓa hula ba. Ɗebo ruwa, hura gawayi, share fili, zuwa wurin matan da ke yin aceke in karɓo sitacin rogo. Ke nan. Ranar da na yi ƙorafi, ya cire tsohuwar damangar da ke kansa ya miƙo mini, ya ce in wanke ta yadda nake ganin ya dace, shi zai tafi cin abinci. Na ɗora ruwan zafi don datti ya fita da sauri, na goga mata kabakuru, wannan sabulun mai tauri da ake wankin wanduna da shi, na murza ta tsakanin hannuwa, na matse. Da ya dawo jan zare ya zuba cikin fari, bakin hular ya buɗe, tsakiyar ta lotsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce dama don ta mutu ya ba ni ita, gara in kashe tasa da in kashe ta mutane. Ya rataye ta a ƙusa saman bahon wanki, ta zauna nan har ya bar ƙasar.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Baho. Buroshi mai taushi na jikin hula, da tsohon buroshin haƙori na bakinta. Farin sabulu marar ƙarfi. Sitaci. Ɗan kulkin katako na bugu. Dutsen guga na gawayi da farin ƙyalle da ake shimfiɗawa tsakaninsa da zare. Sai katakai, kuma su ne dukiyar mai wankin hula. Katakon hula guntun icce ne da aka sassaƙa kamar kan mutum, a kansa ake saka hula tana jiƙe da sitaci ta bushe da siffarta. Kowane kai da nasa. Ka saka ƙaramar hula a babban katako, ka yage ɗinkin da wata mata ta yi watanni tana yi da allura. Ka saka babba a ƙarami, ta bushe da lanƙwasa, mai ita ya sa ta faɗo masa kan gira. Ba a murza hula, ba a matse ta. Ruwan sanyi, a bi zare da buroshi ta inda ya kwanta, a ɗauraye, a tsoma a sitaci, a ɗora a katako, a gyara da tafin hannu. Idan ta sha iska sai a bubbuga, a goge. Dara kuwa, jar nan ta ulu, ba ta son ruwa ko kaɗan, tururi da buroshi ne nata.

Sitacin ma da kuke gani kamar koko, yana da nasa hali. Ya yi kauri, hula ta fito da fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Ya yi ruwa, ba ta tsayuwa. Ya kwana a zafin garin nan, ya yi tsami, mutum ya sa hula yana warin aceke a sahun gaba. Kuma Abidjan ba Maraɗi ba ce. A gida ka shanya hula da hantsi, kafin azahar ta ƙame. Nan idan damina ta zauna, sama takan rufe, iska kanta jiƙe take. Hular da ba ta bushe da wuri ba takan yi funfuna, baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ke shiga cikin zare, kuma mai sauri sai ya ɗauko jabel, ruwan nan mai ƙarfi na farar da kaya, ya zuba, ya ci funfunar ya ci launin gaba ɗaya. Mu a irin wannan lokaci kasko muke hurawa a ɗaki, mu jera katakai a nesa da shi, muna juyawa. Idona na hagu hayaƙin nan ne ya rage masa gani.

Akwai wata zanna da ba na mantawa, ta wani mai goro. Yana tafiya kusa da kasuwar Guro, mai tura kura ya wuce da buhunan ayaba sun yi tsini, suka ture masa hula ta faɗa kwata. Wanda ya san kwatar Adjamé da damina ya san abin da ke ciki, ba sai na faɗa ba. Ya kawo ta a leda yana riƙe da ita nesa da jikinsa. Na ɗauko sabulu, Malam Ɗan'asabe ya riƙe hannuna. Ya ce wannan ba a fara ta da sabulu, ba a kuma tsoma ta a baho. Ya sa na riƙe ta a bakin magudana, shi yana kwararo ruwa tsantsa daga buta, yana kwarara, har ruwan da ke sauka ya koma fari ba launi ba wari. Sannan aka yi wankin sabulu. Sannan aka sake kwarara ruwa tsantsa kafin sitaci. Da muka gama ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da shi ne gindin sana'ar nan.

Ya ce abu biyu ake kawo mana mu cire, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai datti, kishiyarsa tsabta. Akwai najasa, kishiyarta tsarki. Hular da goro ya ɓata, ko manja, ko gumi ya yi mata zobe, tana da datti, ba ta da kyan gani, amma mutum ya yi salla da ita lafiya lau. Hular da jariri ya yi wa fitsari ta bushe, ba tabo ba komai, ka ganta kamar sabuwa, amma ba ta da tsarki. Ya ce mai wankin riga a gari tsabta kawai ake nema a wurinsa, kuma ido yana iya duba aikinsa. Mu kuwa abin da muke wankewa goshi yake taɓawa a sujada, kuma mai hula ba shi da hanyar da zai duba ko ka yi ruwan ƙarshe ko ba ka yi ba. Yarda kawai yake yi da kai. Tun daga ranar, ko hula daga kanti ta fito, ban taɓa ɗora ta a katako ba sai na kwarara mata ruwa tsantsa. Ku da kuka yi karatun Faransanci kalma ɗaya kuke faɗa wa duka biyun, shi ya sa kuke ganin ruwa da sabulu ne kawai.

Wani abin da aikin ke koya maka shi ne sanin kai. Ba ma rubuta suna a hula. Ka juya ta ka dubi cikin bakinta, za ta gaya maka mai ita. Wannan mai gumi ne ta goshi, wannan ta ƙeya. Wannan man gashi yake shafawa. Wannan yana karya hularsa ta dama, wancan yana danna ta gaba. Ga turare, kowa da nasa. A kawo mini huluna a buhu a zube, zan raba su gida-gida ban tambayi kowa ba.

A nan Alhaji Ilu ya shigo. Lokacin bai je Makka ba, Ilu kawai ake ce masa, yana shigo da tsofaffin kayan mota ta tashar jiragen ruwa yana sayarwa a Adjamé. Allah ya ba shi kai babba, kuma dogo daga goshi zuwa ƙeya. Hulunansa a Najeriya ake ɗinka masa su musamman. Ranar da ya fara kawo wanki muka gwada katakanmu kaf, ba wanda ya cika hular. Malam Ɗan'asabe ya auna kan Ilu da zare, mutane suna dariya, Ilu ma yana dariya, ya ce ai kuɗi ne a ciki shi ya sa. Aka kai zaren wurin wani kafinta ɗan Togo ya sassaƙa katako daga icce mai nauyi. Duk rumfarmu ba hular da ke hawa wannan katakon sai tasa. Da Malam ya tsufa ya koma Kano, ya bar mini katakan duka, har da wannan. Na ci gaba da wanke wa Alhaji shekara da shekaru. Ranar da zai tafi aikin hajji ni na shirya masa hulunan da zai sa in ya dawo.

Sai shekarar da gari ya rikice. Manyanku sun sani, ba zan tona ba. Abin da ya shafi sana'ata shi ne wannan: hula ta zama abin da ke nuna ko kai wane ne a shingen hanya na masu bindiga. Mutanen da ban taɓa ganin tsakar kansu ba suka koma yawo kai a buɗe, da riga 'yar shara da wando. Masu hali suka kwashe iyali suka tafi gida. Kasuwa ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Wanda ya ɓoye hularsa a ƙasan akwati me zai kawo maka ka wanke? Katakaina suka zauna a jere ba komai a kansu. Na sayar da rediyo. Na sayar da dutsen guga ɗaya cikin biyu. Kawuna mai garba ya riga ya rasu. Ina da mata da yara a ɗaki.

Akwai wata mata a layinmu, Tanti Akisi, tana da maki, irin gidan abincin nan na waje inda ake gasa kifi da kaza. Ana shan giya a wurin, ban ɓoye ba. Mai yi mata wanki ya gudu garinsu. Ta gan ni zaune kullum, ta tsaya ta ce da Faransancin kasuwa, maƙwabci, hannu ne da kai, ni kuma zannuwan tebur ne da ni. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Da gari ya waye na je kasuwa na sayo baho ja, don duk bahunan hulata baƙaƙe ne, ko yaro ba zai haɗa su ba. Na sayo buroshi dabam, na ɗaura igiyar shanya dabam a bayan gida wajen magudana, hula kuma wurinta gaban gida. Ranar da na yi wankin maki ba na taɓa hula sai na yi wanka na sauya riga. Zannuwan nan su suka ciyar da gidana har ƙura ta lafa. Duk wannan lokaci ba wanda ya aiko daga gida ya tambayi yadda muke, cikin waɗanda na yi shekaru ina wanke wa kai.

Da aka samu lafiya mutane suka dawo, huluna suka fito daga akwati da funfuna da warin ajiya. Aiki ya dawo har ya fi da. Alhaji Ilu ma ya dawo, tare da wani ɗan ƙanensa da ya buɗe wa shagon wanki na inji a Adjamé. An yi wa shagon allo da Ingilishi, wai dirai kilin, don 'yan Najeriya su gani su shigo. Na tambayi wani mai karatu ma'anarsa, ya ce wanki ne ba da ruwa ba, da magani ake yi. Na ce to, kishiyar aikina ke nan. Ban ce aikinsa haram ba ne, ni ba malami ba ne, kuma kwat da rigunan ofis na ga yana fitar da su da kyau. Kowa da abincinsa.

Wata ranar Laraba Alhaji ya wuce a mota ya gan ni na fito daga makin Tanti Akisi da ƙullin zannuwa a ka. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Bai tsaya ya tambaye ni ba. Da ya tsaya da na kai shi bayan gida na nuna masa jan baho. Ranar Juma'a ya faɗi abin da ya faɗa. Ina wurin, ina ɗaura takalmi, bayansa kaɗan. Ya ƙara da cewa shi dai ya gaya wa 'yan'uwa don Allah, kuma ga wurin yaronsu nan a Adjamé ga mai son abu mai tsabta. Na gama ɗaure takalmina na wuce. Ni mai wanki ne, shi yana cikin masu sayen tabarmin masallacin.

Na je wurin liman da maraice na yi masa bayani tun daga baho har igiya. Ya saurara, ya ce in dai haka ne hulunan ba su da laifi, ko da ma najasa ta taɓa abu ruwa yana tsarkake shi. Amma ya ce in bar wankin makin don a rufe bakin mutane. Na ce, Allah gafarta malam, matar nan ita ta ba ni aiki lokacin da masu hula suka ɓoye hula, yanzu don sun dawo ba zan ajiye mata zannuwa a ƙofa ba. Ya ce to Allah ya kyauta. Bai yi maganar a masallaci ba. Har yau ina wanke wa Tanti Akisi, a jan baho, a bayan gida.

Masu kawo wanki suka janye. Ba wanda ya zo ya zage ni. Mutum dai zai karɓi hulunansa, ya yi godiya, ba ka sake ganinsa. Wani ya gan ni a hanya ya ce, "Hamisu, ni ban yarda da maganar ba, amma ka san salla ba abin wasa ba ce." Wannan ya fi zagi. Tabo a hula ina iya nuna maka na cire shi. Abin da Alhaji ya shafa mini ba ya ganuwa, to ta ina zan nuna na cire? Aka koma kirana mai wankin maki. Kaɗan suka tsaya, yawanci tsofaffi da suka san Malam Ɗan'asabe. Cikinsu akwai Malam Yahuza mai turare, wanda rumfarsa ke kallon shagon Alhaji Ilu a Adjamé, siririn mutum mai ɗan ƙaramin kai.

Bayan wasu watanni Malam Yahuza ya zo da jaka. Nasa guda biyu na sani, kube ne masu sauƙi. Ƙarƙashinsu sai ga zanna uku manya, ɗinkin hannu, sun baje kamar kwanon da mota ta taka. An goge su a kwance, an kashe musu baki, zaren ya yi ƙyalli irin na ƙuna. Na juya ɗaya. Ga baƙin rinin gashi a ƙeya, ga karin da ake yi ta hagu. Ban ma buƙaci wannan ba. Na miƙa hannu can ƙarshen layi na ɗauko katakon da ƙura ta rufe, na goge, na ɗora hular. Ta zauna daram.

Na ce, "Malam Yahuza, kanka ya kumbura ne?"

Ya ce, "Na wani baƙo ne."

Na ce, "Baƙon nan a Adjamé yake sayar da kayan mota?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ce shi ɗan aike ne, an ce kada ya faɗi suna, kuma bai faɗa ba, in shaida. Na ce na shaida.

Na wanke su. Sai da na jiƙa su na bar zaren ya saki, na ɗora, na gyara baki da yatsa kaɗan-kaɗan, na sake jiƙawa. Biyu suka dawo daidai. Ɗayar ƙunar ta yi yawa, na dai tsayar da ita. Kada ku tambaye ni me ya sa na karɓa. Aiki ne ya zo, ina da iyali, kuma hular ba ta yi mini komai ba. Na kuma ɗauka mutumin da ya dawo da kansa wurina ta bayan gida, wata rana zai gyara maganarsa ta gaban gida. Haka muka yi ta yi shekaru. Malam Yahuza ya kawo, ya karɓa, ba ma ambaton suna. Idan ya iso sai ya ce baƙon nan yana gaisuwa, ni kuma in ce a gaishe da baƙo da babban kai. Ranar Idi ina ganin Alhaji a sahun gaba, hularsa a tsaye kamar an zana, mutane suna tambayarsa, yana cewa ai wurin yaronsu ne.

Tsofaffin da suka tsaya da ni suka yi ta raguwa. Wani ya rasu, wani ya koma gida. Ku kuma samari hular kanti kuke sawa ranar Juma'a kawai, ta yi datti ku jefar. Abin da ya rage wa mai sana'ata shi ne sababbin 'yan kasuwa da ke zuwa daga Kano da Katsina, masu son hula ta gaske. A bara wani daga cikinsu, Alhaji Nura mai shigo da yadi, ya zo da kansa ya ga aikina, ya juya hula ya duba ciki kamar wanda ya san abu, ya ce zai aiko da nasa da na abokan cinikinsa kafin Babbar Salla. Na sayi gawayi, na je na yi maganar sitaci. Salla ta matso, shiru.

Malam Yahuza ne ya gaya mini dalili, kuma sai da ya sha ruwa ya sake shan ruwa kafin ya faɗa. Alhaji Nura ya zauna a shagon Alhaji Ilu ana hira, ya ambaci zai kai huluna Treichville. Alhaji Ilu ya ce, wurin mai wankin maki? Ya maimaita maganar nan ta ƙofar masallaci, ba ragi. Malam Yahuza ya ce yana jin su daga rumfarsa, kuma hular da ke kan Alhaji Ilu a lokacin, ruwan toka mai zaren shuɗi, shi da hannunsa ya karɓo ta daga wurina a makon. Yana gama faɗa sai ya turo mini jaka da ƙafa, yana jin kunya. Hulunan baƙon nan ne na Salla, guda huɗu.

Na ce masa wannan karon ba shi zai mayar ba. Ya ce, "Hamisu, za ka sa ni a tsakiya." Na ce ba zan ambaci sunansa ba, kamar yadda bai ambaci na baƙo ba. Ya yi 'yar dariya ba daɗi, ya ce dama ya gaji da ɗaukar kan wani a jaka.

Na wanke huɗun nan kamar yadda na saba, ban rage komai ba. Ruwan ƙarshe na kwarara musu har sau biyu. Da suka bushe na goge, na naɗe kowace a farar takarda. Na ɗauki katakon na sa a buhu. Da hantsi na hau mota na tsallaka gada zuwa Adjamé, na ratsa masu tura kura da masu tallan yadi har layin kayan mota. Kasuwar jajibirin Salla ce, shagon cike. Alhaji Ilu yana kan kujerarsa, Alhaji Nura yana gefe da wasu mutum uku ana shan shayi. Malam Yahuza yana rumfarsa yana ta goge kwalbar da ba ta da ƙura.

Na yi sallama, aka amsa. Na jera hulunan a kan teburin, na buɗe takarda ɗaya. Na fito da katakon na ajiye kusa da su, ya yi ƙara a kan gilashi. Na ɗauki hula ɗaya na ɗora a kansa don kowa ya ga yadda ta zauna. Alhaji Ilu ya ce, "Lafiya, Hamisu?"

Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Wankinka na kawo. Waɗannan ni na wanke, ta kanka ma ni na wanke, da wadda ka yi Idi da ita bara, da ta bara waccan. Duk Abidjan katako ɗaya ne ke ɗaukar hularka, ga shi nan, ka san ranar da aka auna ka. Ka ce wa mutane ba a salla da wankina. In gaskiya ka faɗa, to ka je wurin malamai su gaya maka yadda za ka yi da sallolinka na shekarun nan, don da wankina ka yi su. In kuwa ba gaskiya ba ce, ga mutane zaune, bakin da ya faɗa bai tafi ko'ina ba. Katakon na bar maka, ka kai wa wanda ka yarda da tsarkinsa. Ranar da kake son in sake taɓa hularka, ka ɗauko shi da hannunka ka kawo mini Treichville da rana, ka shigo ta ƙofar gaba, in kai ka bayan gida ka ga jan bahon da ba ka tsaya ka tambaya ba."